Tsohon Inji, Sabon Fenti

Wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan ƙasar Gwarzo ko ta Kabo shekara 50 da suka wuce ya san ba zakara kaɗai ke ta da mutane ba. Tun gari bai waye ba za ka ji luguden taɓarya daga wannan gida zuwa wancan. A cikin ɗaki kuma ga wata ta durƙusa bisa dutsen niƙa, tana turawa tana jawowa, gumi yana zuba, domin a sami garin tuwon dare. Iyayenmu mata da yawa sun tsufa da ciwon baya da kanta a tafin hannu saboda wannan aiki.

Yau abin ya sake. Daga Getso zuwa Kutama, daga Garo zuwa Godiya, ƙarar inji ce ke cika kunne, ga 'yan mata sun jera kwanonin dawa da masara suna jira. Mun gode wa Allah domin wannan sauƙi. Amma har yanzu akwai ƙauyuka na nesa da titi inda yarinya takan yi doguwar tafiya da kwano a ka kafin ta kai wurin niƙa, wani lokaci har ta makara zuwa makaranta. Shi ya sa magidanta da yawa, har da ƙungiyoyin Zumuntar Mata, suke tunanin kafa ɗan inji a ƙofar gida, iyali su huta, maƙwabta su amfana, a kuma sami na cefane.

Sabon inji kuwa ya fi ƙarfin talaka. Tun watan Yuni na 2023, da darajar naira ta faɗi ƙwarai, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Saboda haka idon mutane ya koma kan na hannu, watau wanda wani ya riga ya yi aiki da shi. Sayen na hannu ba wauta ba ne. Akwai tsofaffin injuna da suka fi sababbi ƙarko nesa ba kusa ba. Amma a wannan ciniki ne kuma dukiyar iyali takan salwanta a yini ɗaya. Na sani, gama ya faru a gidana.

YADDA NA SAYI NAWA

Ni mutum ne mai sha'awar taɓa ƙarfe. Ina da 'yar rumfa a bayan gida inda nake ajiye sifana da guduma da zarto. In na taso daga gona sai in zauna ina gyaran keke ko famfon feshi, ba don kuɗi ba, don jin daɗi kawai. Na daɗe ina marmarin in ga inji yana juyawa a rumfar nan. Da na kai wa uwargida maganar, amfanin kaɗai na nuna mata: 'yan matanmu za su daina zuwa niƙa nesa, kuɗi kuma za su riƙa shigowa. Ta yarda. Ta ba ni kwasar adashinta duka, na sayar da masara buhu 4 da rago guda, na hau mota zuwa birni.

Wani dillali ya kai ni wani lungu. Muna isa na tarar da inji yana ta bugawa, kore shar, fenti yana walƙiya kamar kwanon amarya. Ban tambayi kaina dalilin da ya sa aka tashe shi tun kafin in zo ba. Dillali ya ce akwai wani mutum da zai zo da kuɗi da la'asar. Sai na ji kamar za a ƙwace mini ɗa. Ko mudu ɗaya ban niƙa ba, na ƙirga kuɗi na biya.

Mako 3 ya yi yana aiki. A na huɗu, da sanyin safiya, na yi ta juya hannu har kafaɗata ta ƙage, ya ƙi tashi. Na ɗauko wani tsohon bakanike daga Gwarzo. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya nuna mini, mai ya yi fari-fari kamar kunu. Ya sa wuƙa ya kankare fenti a gefe guda, sai ga tsaga an like ta da walda.

Ya ce, "Malam, wa ya raka ka sayen wannan?"

Na ce, "Baba, ni kaɗai na je."

Ya girgiza kai, ya ce, "Ai fenti ka saya, injin gyara aka yi maka."

Da dare uwargida ba ta yi faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Maigida, da ka ce mini abin wasa kake so, da na ba ka rabi na riƙe rabi." Wannan magana ta fi zagi zafi, domin gaskiya ce. Sha'awa ce ta rufe mini ido. Shekara 2 muka yi kafin mu farfaɗo. Abin da zan faɗa a nan na koye shi ne daga wannan hasara, da kuma bakin tsohon nan, wanda ya raka ni sa'ad da na sayi na biyu. Shi kuwa na biyun yana aiki har yau.

ABU BIYU KAKE SAYE

Abin da muke kira injin niƙa abu biyu ne da bel ya haɗa. Akwai injin da ke ja, akwai kuma kan niƙa inda ake zuba hatsi. Ɗaya yana iya zama lafiyayye, ɗayan kuwa matacce. Don haka a duba kowanne dabam, a yi cinikinsa dabam.

Injunan ja da za ka tarar iri 4 ne. Na fari shi ne wanda muke kira Lista. Sunan ya fito daga kamfanin R. A. Lister na garin Dursley a Ingila, wanda aka kafa a 1867. Wajen 1930 kamfanin ya fara ƙera injin gas mai tafiya a hankali, mai manyan wili biyu. Wanda aka fi sani shi ne 6/1, watau ƙarfin doki 6, silinda 1, yana juyi 650 a minti ɗaya. Wannan tafiyar hankali ita ce asirin tsawon ransa. An daina ƙera shi a Ingila a 1987. Ke nan duk na ainihi da ka gani yau ya doshi shekara 40, ko ma ya wuce. Masana'antun Indiya, musamman na birnin Rajkot, su ne suka ci gaba da ƙera irinsa, da yawa kuma cikin waɗanda ake kira Lista a kasuwa 'yan Indiya ne. Na Indiya ba laifi gare shi ba in ya sami kulawa, sai dai kada ka biya kuɗin ɗan Ingila a kansa.

Na biyu shi ne injin gas na ƙasar Sin, mai tukunyar ruwa a ka, irin su R175 da S195. Ya fi Lista sauri da rashin nauyi, kayan gyaransa kuma suna da sauƙin samu, amma ya fi saurin gajiya. Na uku shi ne ƙaramin injin fetur, Honda GX160 da masu kwaikwayonsa, mai ƙarfin doki wajen 5. Ya dace da markaɗen tumatir da barkono da wake da ƙullu, amma in ka sa shi niƙan busasshiyar masara daga safe har yamma, ba zai daɗe ba. Ka tuna kuma, tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, kuɗin fetur ya ninka fiye da biyu. Na huɗu shi ne mai aiki da lantarki. Ba hayaƙi, ba ƙara mai yawa, gyara kaɗan ne. Amma kafin ka saya, ka yi mako guda kana rubuta awa nawa wuta take zama a unguwarku, ka kuma tambayi ma'aikatan KEDCO ko layinku zai ɗauke shi, gama manyan suna bukatar wuta mai layi uku.

Kan niƙa kuma iri biyu ne. Akwai mai dutse, watau faifan ƙarfe biyu masu haƙora, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, hatsi yana bi ta tsakaninsu. Wannan yana niƙa busasshe yana markaɗa jiƙaƙƙe, shi ya sa ya fi dacewa da gida. Za ka ga tsofaffi na Ingila mai suna Premier, da na Indiya mai suna Amuda, da kuma waɗanda maƙeranmu na Kano da na Panteka a Kaduna suke haɗawa. Ɗayan irin kuwa ƙananan ƙarafa ne ke dukan hatsi a ciki har ya fita ta rariya. Yana da sauri, amma busasshe kaɗai yake ci, yana kuma son babban inji.

YADDA AKE GWADAWA

Daga Gwarzo zuwa birnin Kano, ta Rimin Gado da Kabuga, wajen kilomita 70 ne, mutane da yawa kuwa can suke nufa, Kofar Ruwa ko Sabon Gari. Akwai 'yan kasuwa masu amana a can. Amma kafin ka hau mota, ka fara cigiya a kusa. Injin da ke aiki a ƙauyen maƙwabta yana da shaidu. Tambayi matan unguwar, su ne suka san ko yana yawan tsayawa, ko garinsa yana laushi, ko tuwonsa yana ƙanshin mai. Ka kuma tambayi mai shi dalilin sayarwa. Ko ina za ka saya, ga abubuwan da tsohon nan ya koya mini.

1. Kada ka je kai kaɗai. Tafi da bakaniken da kai ka zaɓa, kai za ka sallame shi, ba na mai sayarwa ba.

2. A tashi injin a gabanka yana da sanyi. Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kansa tukuna. Gajiyayyen inji yakan tashi da sauƙi in yana da ɗumi, da sanyi ne asirinsa ke tonuwa.

3. Kafin a tashe shi, juya babban wili da hannu. Lafiyayyen inji zai kai wani wuri ya yi maka gardama, har ya nemi komowa baya. In ya wuce salin-alin, ringi ko bawul sun gaji. Sa'an nan ka kama wilin ka ɗaga sama ka sake. In ka ji yana ƙwas-ƙwas, akwai babban gyara a gaba.

4. Duba baƙin mai. In ya yi fari-fari, ruwa yana shiga. In ka murza a yatsa ka ji tsakin ƙarfe, ciki yana cinyewa. In kuwa sabo ne fil a cikin tsohon inji, tambaya ta kama.

5. Kalli hayaƙi. Shuɗi-shuɗi, inji yana shan baƙin mai. Baƙi ƙirin da ba ya yankewa, nozul ne ko kaya sun fi ƙarfinsa. Fari da ya ƙi tafiya bayan inji ya yi zafi, man ba ya ƙonewa sosai ko ruwa yana shiga.

6. Ka yi shakkar sabon fenti. Bi jikin injin da yatsa kana neman tudun walda, ka duba ƙasa ko mai yana ɗiga.

7. A buɗe kan niƙa. Duba haƙoran dutse, ko sun shafe, ko an wasa su har faifan ya yi siriri. Girgiza sandar da ke juya dutsen, in tana rawa boris ya mutu, gari kuma ba zai yi laushi daidai ba.

8. Tafi da hatsinka. Niƙa masara tiya 2 ko 3, gama masara ta fi dawa da gero tauri. Bari injin ya yi awa guda yana aiki. In mai shi ya ce mai yana da tsada, kai ka saya. Kuɗin lita 2 bai kai hasarar rago ba.

9. Sa maganaɗisu a cikin garin ka juya. Ɗan baƙin ƙura kaɗan ba abin mamaki ba ne, amma in ya fito da gashin ƙarfe, dutsen yana cin kansa, 'ya'yanka kuwa za su ci shi a tuwo.

10. Kafin ka biya, je wurin masu kayan gyara ka tambayi ringi da nozul da boris da dutse na wannan irin, da kuɗinsu. Injin da ba a samun kayansa, ranar da ya tsaya ya zama turken akuya.

In mai sayarwa ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya ce wani yana zuwa da kuɗi da la'asar, ka yi masa sallama da ladabi ka tafi. Ba a cinikin biri a sama.

TAKARDA DA SHAIDU

Akan saci injuna a gonaki da rumfuna a kai su nesa a sayar. Mai bi ba ya sayen abin da bai san asalinsa ba, kome arhar sa. Nemi rasidin farko in akwai. A rubuta takardar ciniki da lambar da ke jikin injin, mai sayarwa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, in a ƙauye ne a sanar da mai unguwa ko dagaci. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a fara.

Gaskiya kuma ba ta kan mai sayarwa kaɗai. Littafin Karin Magana 20:14 ya zana hoton mai saye wanda ke kushe kaya a gaban mai su, in ya ba da baya kuma ya shiga fahariya da arhar da ya samu. Sau da yawa mai sayar da inji matsuwa ce ta kama shi, ko rashin lafiya, ko mutuwar maigida. In gwauruwa ce ke sayar da injin mijinta ba ta san darajarsa ba, ka faɗa mata gaskiyar kuɗinsa. Ragi halal ne, amma cin gajiyar hawayen wani ba namu ba ne.

ZAUNA KA YI LISSAFI

A cikin Luka 14 Ubangijinmu ya ba da misalin mai gini wanda ya kamata ya fara zama ya ƙididdige abin da aikin zai ci, don kada ya tsaya a tushe ya zama abin dariya. Kuɗin inji tushe ne kawai. Akwai kuɗin mota, da siminti, da rumfa, da duron ruwa, da bel, da gyaran farko wanda ba makawa. Shawarata ita ce, in kuɗin hannunka kashi 4 ne, kada inji ya ci fiye da 3.

Ku zauna da uwargida da takarda da fensir. Gida nawa ne za su kawo niƙa? Akwai wani inji a kusa, wanda in kun kafa naku ku duka biyu za ku rasa abinci? Lista 6/1 in yana aiki da cikakken ƙarfi yakan sha gas fiye da lita ɗaya a awa. Mudu nawa za a niƙa kafin kuɗin litar ya fito? Ku tuna aiki ba ɗaya ba ne duk shekara. Da kaka, da watan azumi, da salla, da Kirsimeti, layi yakan yi tsawo. Amma cikin Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, inji yakan yini shiru. Ku kuma yanke tun yanzu wane ne za a yi wa kyauta, gama dangi da yawa za su zo da kwano ba kuɗi, inji kuwa bai san zumunci ba, mai yake sha.

Kada a taɓa iri, ko abincin shekara, ko kuɗin makarantar yara. Kada a jinginar da gona. Karin Magana 22:7 ya kwatanta mai cin bashi da bawa. A cikin Maimaitawar Shari'a 24:6 kuma Allah ya hana a karɓi dutsen niƙa jingina, domin da shi iyali ke rayuwa. In Allah ya tsare abincin matalauci haka, bai kamata maigida ya sa na gidansa cikin caca saboda marmarin ƙarfe ba. In kuɗin na Zumuntar Mata ne ko na ikilisiya, a sa mutum biyu su riƙe littafi, a riƙa karanta shi a gaban kowa wata-wata. Kowace rana kuma a ware na mai, da na gyara, da na Ubangiji, kafin a taɓa saura.

KAFIN YARA SU MATSO

Lista ya haura kilo 300, yana kuma girgiza ƙasa. A kafa shi bisa daɓen siminti mai kauri, a ɗaure da noti. A fitar da bututun hayaƙi waje, gama hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da mutum ya farga ba. Fetur da gas a ajiye su nesa da murhu.

Babban maƙiyi shi ne bel. Ba ya jin kuka, ba ya tsayawa. Yakan kama hannun babbar riga, ko bakin mayafi, ko zane, ya ja mutum cikin ƙiftawar ido. A sa mai walda ya yi masa keji na waya tun ranar farko, kafin a niƙa ko ƙwaya ɗaya. A yi ɗan shinge inda masu kawo niƙa za su tsaya. Kada a tura hatsi da yatsa, a yi da sanda. Mai juya hannun tashi ya haɗa babban yatsa da sauran a gefe ɗaya, domin in inji ya mayar, kada ya karya shi. Mai yini kusa da inji ya toshe kunne, ya rufe hanci saboda ƙura. Yaro ƙarami ba ma'aikacin inji ba ne, ko da ɗanka ne mai wayo.

Duk ranar da aka wasa dutse ko aka sa sabo, a fara niƙa dusa a zubar, domin ta kwashe garin ƙarfe. Kada a shafa fenti a inda abinci ke bi, kada kuma giris ya sami hanyar shiga.

SHAIDA A BAKIN INJI

A ƙasar Gwarzo da Kabo yawancin masu kawo mana niƙa maƙwabtanmu Musulmi ne. Wataƙila ba za su taɓa shiga majami'a ba, amma kullum suna aiko 'ya'yansu rumfarmu da abincin gidansu. Wannan amana ce babba. Garin da ya maƙale a inji na mai shi ne, a kakkaɓe masa. Wanda ya riga zuwa shi ne a gaba, ko 'yar talaka ce, ko 'yar mai unguwa. A wanke kan niƙa tsakanin barkono da ƙullu. In an kawo masara ko gyaɗa mai fumfuna, a faɗa wa mai ita cewa tana cutar da hanta. Ka yanke shawara tun farko cewa ba ka niƙa tsiron giya, don kada abincin mutane ya bi ta inda ya bi. In ba ka aiki ran Lahadi, ka sanar da kowa, ran Asabar kuma ka daure har kwano na ƙarshe, domin kada hutunka ya sa wani gida kwana da yunwa.

Injina na biyu ba shi da kyan gani. Fentinsa ya koɗe, tsohon nan kuma ya hana ni sake masa wani. Ya ce in bar shi haka, domin in mai ya fara ɗiga in gani da wuri. Uwargida ce ke riƙe da littafin kuɗi, daga ciki kuma aka fara mayar mata da adashinta kafin a sayi kome. 'Yan matanmu suna isa makaranta a kan lokaci. Ni kuwa har yanzu ina jin daɗin zama kusa da shi da yamma da sifana a hannu, sai dai yanzu na san bambancin abin da nake so da abin da gidana ke bukata.

Ya ɗan'uwa mai karatu, in kana da wannan niyya, ka yi addu'a, ka yi shawara da matarka, ka nemi wanda ya fi ka sani, sa'an nan ka tafi da sassafe da masararka a hannu. Ubangiji ya ba mu hikima da gaskiya cikin saye da sayarwa, ya kuma sa albarka a abincin gidajenmu. Amin.